Titin da Ya Raba Mu da Maƙabarta

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Allah, na rubuto in faɗa maka abin da ya biyo bayanka, don ya hana ni sakat.

Baba, kai ka fara ƙin guntun titin nan da aka ratsa da shi ta tsakiyar Gusau don motoci su riƙa yanke. Bai da wani tsawo, amma ya raba unguwarmu da maƙabarta. Duk ranar jana'iza kai ke shiga gaba, ka tsaya tsakiyar kwalta ka ɗaga hannu. Kakan ce, "Ko sarki ba ya gitta gaban makara."

Ran da muka ɗauko gawar maƙwabciyarmu Inna Hajo, haka ka yi. Sai ga bas daga hanyar Tsafe, tana ta zabga hon. Ba ta tsaya ba. Ina riƙe da makara na ji karyewar ƙashinka.

Sai can gaba kaɗan motar ta tsaya. Muka dire gawa nan kan titi. Wallahi ban san sa'ad da na fizgo direban ta taga ba. Yana ta nuna bayan mota, yana magana, jini na cika masa baki. Wa ya saurare shi? Wasu da gora, wasu da duwatsu. Ni bulo na ɗauka, na sauke masa a ka har sau biyu.

Sai da ya daina motsi aka buɗe motar. Mutum uku ne kwance cikin jini, harbin 'yan bindiga, ya kwaso su a hanya zai kai asibiti. Ɗaya mace ce, ta cika kafin a samu mai jan motar.

Masu ta'aziyya suna ta ce mani ɗan halak, kuma ba wanda ya kai sunana ga hukuma. Na tsani yabon nan, Baba.

Na bincika. Sunan direban Musa, mutumin garin Rawayya, uwarsa na da rai. Gobe zan je in durƙusa gabanta in faɗa mata hannun wa ne ya kashe ɗanta. Abin da ta zaɓa, shi ke nan. Tsoro nake ji ƙwarai, Babana. Da ma kana nan ka raka ni.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Allah ya jiƙan Musa. Ni kuma ya ba ni ƙafar da za ta kai ni ƙofar gidansu.

Ɗanka,
Lawali