Zakaran Goggo Larai

Damagaram, Oktoba 1935

Zuwa ga Goggo Larai,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, da gwiwar nan taki, da kowa na gida. Baba da Inna suna gaishe ki. Ni ce Rifkatu. Ki yi haƙuri da rubutun, fensirina ya gajarce.

Goggo, mun iso lafiya. Garin nan duwatsu ne manya-manya kamar giwaye sun kwanta, gidaje a tsakaninsu. Ruwa yana wuya, na rijiyar kusa da mu kuma gishiri-gishiri. Hausarsu kamar ta Kano ce, amma makaranta su ce lakwal, Baturen mulki su ce kumandan. Sai da Baba ya je gaban kumandan ɗin aka bar mu muka zauna. Da safe yana taya Baturen mishan wanke gyambo da ba da magani, da yamma ya karanta Littafi Mai Tsarki ga wanda ya tsaya. Ba a cika tsayawa ba.

Wani abu ya faru da ya hana ni sakewa. Maƙwabciyarmu Babarbariya ce, ana ce mata Ya Kaltuma, mijinta Malam Bukar yana sayar da kanwa. Ran da muka sauka ta aiko mana da akushi cike da tuwon gero da miyar yakuwa, ko sunanmu ba ta sani ba. Inna ta ce ba za a mayar da akushi haka kawai ba. Sai Baba ya yanka jan zakaran nan da kika ba mu, wanda ya sha wahalar jirgi da mota tun daga Zariya. Inna ta dafa shi da man shanu, ko fiffike ba ta rage mana ba. Ni na kai.

Ya Kaltuma ta buɗe ta ce, "Kai, ƙamshi! 'Yar baƙi, wa ya yanka?" Na ce Baba. Sai ta rufe a hankali, ta ce an gode. Kafin la'asar akushi ya dawo, ko romon ba a taɓa ba.

Inna ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce ƙyamarmu suke yi. Tun ran nan ta daina amsa gaisuwa ta kan katanga. Kin san kuma jikin Inna ya soma nauyi. Madam, matar Baturen mishan, ta ce haihuwar sai bazara. Ba mu san mace ko ɗaya a garin nan ba.

Ki huta lafiya. 'Yarki,
Rifkatu

Zariya, Disamba 1935

Rifkatu 'yar gidana,

Salamar Ubangiji a gare ku duka. Lafiya lau muke, gwiwa tana nan da halinta.

Na karanta takardarki, na yi dariya, sannan na yi kukan zakarana. Laifin ba naki ba ne. Ubanki tun yana yawo ba wando aka ɗauke shi gidan mishan, uwarki ma can ta girma, me suka sani game da zaman unguwa? Ni da na yi aurena na fari cikin Musulmi kafin in bi Yesu, na san abin. Da ƙyamarku matar nan take yi, za ta ba ku akushin da mijinta ke ci a ciki? Wuƙar ce kawai. Yawancinsu ba sa cin naman da ba nasu ne ya yanka ba. Da ta so, da ta zuba wa karnuka ba ku sani ba, amma ta dawo muku da abinku don kada ya tafi a banza. Gaba in za ku yi nama, a kira mijinta ya yanka, ku dafa, kowa ya ci. Shi ke nan fa.

Yanzu ki buɗe kunne, ke ba yarinya ba ce. Ba zan iya zuwa ba, ƙafar nan ba za ta kai ni ƙasar mulkin Faransa ba. Kin tuna na baya, yadda muka binne yaron, ita ma muka kusa binne ta. Madam ta iya allura, amma ta san wankan jego? Ta san kunun kanwa? Uwarki tana bukatar mace babba a kanta, kuma ga ta nan bayan katangarku. Ki karanta wa ubanki wannan da ƙarfi, ba cikin gyale ba yadda kika saba magana.

Goggonki,
Larai

Damagaram, Fabrairu 1936

Zuwa ga Goggo Larai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same mu ta hannun wani falke mai kawo goro.

Na karanta wa Baba, da ƙarfi iyakar iyawata. Ya ce, "Yaya Larai ba ta canza ba." Amma ya ƙi. Ya ce shi ma da sunan Allah yake yanka. In ya miƙa wa wani wuƙarsa, kamar ya ce wa duk gari addu'arsa ba ta isa ba, to da wane baki zai yi musu wa'azi? Ba da faɗa ya faɗa ba, Goggo, idonsa ya yi ja. Inna kuma ta ce ita ba za ta roƙi kowa ba, Ubangiji ya san inda take.

Sai ga shi zazzaɓi ya kama Madam, an tafi da ita Kano, ba a san ran dawowa ba. Ƙafafun Inna sun kumbura, takalminta ya daina shiga. Ni ke daka, ni ke zuwa rijiya. A can nake ganin Ya Kaltuma. Kullum takan ce, "Wushe, 'yar baƙi," gaisuwarsu ke nan. Rannan ta ɗora mini tulu ta ce, "Ya mai jikin?" Na so in faɗa mata komai, sai bakina ya ce da sauƙi. Na sha zuwa ƙofar zaurensu in tsaya, in kasa yin sallama, in dawo. Ki yafe mini.

Abu ɗaya mai daɗi, wani mai gyambo da ya warke ya kawo wa Baba 'yar kaza, Baba ya ba ni. Tana bin ni har bakin murhu.

Ki sa mu cikin addu'a. 'Yarki,
Rifkatu

Damagaram, Afrilu 1936

Zuwa ga Goggo Larai,

Gaisuwa da murna. Goggo, Inna ta sauka lafiya! Mace ce. Bari in faɗa miki daga farko.

Baba ya tafi ƙauyen Droum da Bature kai magani, don ana ganin haihuwa da saura. Rana tsaka, zafi kamar a tanda, sai na ji Inna ta kira ni da wata murya da na tuna tun na baya. Na same ta durƙushe ta riƙe ƙafar gado. Ta ce kada in je ko'ina. Goggo, ban ji maganarta ba, karo na farko ke nan a rayuwata.

Na fito tsakar gida ban san abin da zan ce wa mutane ba. Sai na ga kazata. Na sure ta na shiga gidan Ya Kaltuma, ko sallama ban yi ba. Tana daka. Na miƙa mata kazar da hannu biyu na ce, "Da ranta take." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ta dubi kazar, ta dube ni. Ta ce, "Ke, uwarki ce?" Na gyaɗa kai. Ta yar da taɓarya ta ce, "Shashasha! Sai da kaza za ki kira ni? Malam! Karɓi wannan ka yanka, maijego za ta sha romo. Ke kuma hura wuta, tukunya mafi girma!"

Da ta shiga, Inna ta juya fuska bango. Ya Kaltuma ta ce, "Yi fushinki daga baya, ƙanwata, yanzu riƙe wuyana." Ta aika aka kira wata tsohuwar ungozoma. Jini ya so ya yi gardama kamar wancan karon, amma suka san abin da suka yi ya tsaya. Ni ina waje ina hura wuta ina karanta Zabura, duk na haɗa ayoyin sun cakuɗe. Kafin magariba na ji kukan jaririya.

Tun ran nan Ya Kaltuma ke yi wa Inna wanka safe da yamma, ta ce sai an yi arba'in. Kanwar kunu Malam Bukar ne ya zaɓo daga mai kyau. Ya Kaltuma da Inna suna ta faɗa a kan zafin ruwa, suna dariya.

Ran suna Baba ya sayi rago. Na ga ya wasa wuƙa, sai na tuna da zakaranki. Ya ɗora hannu a kan ragon ya yi addu'armu har ya ce amin. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya leƙa ta katanga ya ce, "Malam Bukar, ko za ka taimake ni?" Malam Bukar ya shigo yana naɗe hannun riga, ya ce, "Malam Yusufu, tun kaka nake jiran ka tambaya." Baba ne ya riƙe masa ƙafafun.

Sunanta Hannatu, amma Ya Kaltuma Fanta take ce mata, ta ce ba ruwanta da abin da muka sa. Ni na kai musu nasu naman a akushin nan. Goggo, da ya dawo, babu ko ƙashi.

Na yi kukan kazata kaɗan, a ɓoye.

'Yarki mai ƙaunarki,
Rifkatu

Zariya, Mayu 1936

Rifkatu,

Godiya ga Ubangiji. Na yi guɗa har maƙwabta suka shigo.

Ki sumbaci Fanta, ki gaida uwarki. Ki ce wa ubanki wa'azinsa na ran suna ya fi duk wanda na taɓa ji a bakinsa.

Mai kawo takardar nan yana da kwando, da kaza da zakara a ciki. Kazar taki ce, a madadin waccan. Zakaran kuwa ƙanen na farko ne, na Ya Kaltuma. Ki kai mata da ransa. Wannan karon ki yi sallama.

Goggonki,
Larai