Mijina Ba Ya Jin Fiton Na'urarsa

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Maigidana injiniyan lantarki ne, aikinsa tsara sakit, wato 'yan hanyoyin wutar nan da ke cikin rediyo da na'urar ƙara sauti. Nasa na analog ne, wai kwamfuta ƙirga sauti take yi, shi kuwa lallaɓa shi yake yi. Ni dai nakan ce to. Ya yi ritaya, amma ɗakin baƙinmu bai huta ba: tebur cike da transisto, 'yan ƙananan kayan cikin rediyo, da guntayen waya, labule sai warin dalma, ni da tsintsiyata an hana mu shiga. Yana kuma rubutu a mujallar injiniyoyi, matasa na ji da shi.

Abin alfaharinsa kunnensa. In ya gama haɗi sai ya kashe fanka, ya kara kunne a sifika, ya lumshe ido. Yana da na'urar awo mai nuna koren layi, amma ya ce ta masu koyo ce. Wallahi tsayuwar nan tasa na cikin abin da ya sa nake ƙaunarsa.

To yanzu ya haɗa wata sabuwar na'urar ƙara sauti, yana rubuta wa mujallar cewa ba ta da ko ɗigon hayaniya. Ni kuwa daga kicin nake jin wani siririn fito kamar kukan sauro. Kyanwarmu ma ficewa take yi. Dama na lura talabijin sai ya ƙure shi, in na kira shi sai na je na dafa kafaɗarsa. Kunnen ne ke tafiya, bai sani ba, ga shi yana shirin aika rubutun. In na faɗa, na taɓa abin da ya fi ji da shi. In na yi shiru, yaran da ya koyar za su haɗa irinta su ji fiton, su riƙa tausayinsa a bayan ido. Yaya zan yi?

Matar Injiniya

Ƙanwata, Allah ya bar ƙauna. Tsoronki na kan hanya, mutum ba ya son a ce masa abin da ya ci abinci da shi ya fara gajiya. Amma shirunki ba zai rufa masa asiri ba, jinkirta kunyar kawai zai yi, ya kai ta gaban jama'a.

Ki faɗa masa kafin ya aika, ku biyu kawai. Kada ki fara da zancen kunne. Ki ce kina jin fito, ki roƙe shi ya ɗora na'urar awon nan ya nuna miki. Injiniya zai iya musu da matarsa, amma ba zai yi da abin da ya gani da idonsa ba. Idan ya yi fushi, ki bar shi ya huce, ba da ke yake ba. Bayan haka ku je wajen likitan kunne tare.

In an ba shi na'urar ji ta sawa a kunne ya noƙe, ki tuna masa cewa ita ma 'yar na'urar ƙara sauti ce, irinsu ne suka tsara ta. Ina tabbatar miki kafin ku iso gida ya fara kushe haɗinta.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa ya daɗe yana jin kiranki.