Na Ɗaga Motar, Baba Ya Daina Fita

Assalamu alaikum Kaka. Don Allah ki taimake ni, na yi abin da na ɗauka gwaninta ne, ya zame mini ciwon da na kasa faɗa wa kowa.

Sana'ata kai abincin kaji gonaki, in dawo da ƙwai. Motar da nake aiki da ita a-kori-kura ce ta mahaifina. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa ta, har kujerar direba ta lotsa daidai jikinsa. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Abin ya zo da sauƙi, yana takawa da sanda, amma likita ya hana shi tuƙi. Sai ya miƙo mini makulli. Washegari na fito na tarar da shi a kujerar gefe, ya ɗaura bel yana jirana. Tun daga nan kullum tare muke fita. Shi ke nuna mini ramin da nake gani da idona. In na sauya giya ya ce na yi gaggawa, in na jinkirta ya ce ina kashe masa inji. A da haushi nake ji, Kaka. Yau neman mai yi mini wannan faɗan nake.

Hanyoyin gonakin sun lalace. In ruwa ya sauka cikin motar gogar ƙasa yake, sau biyu ina kafewa a laka da ƙwan mutane a baya. Bakanikena ya ba ni shawara a ɗaga bodin daga kan shasi, wato ƙarfen da yake zaune a kai, da inci uku, a sa wasu robobi masu tauri a tsakani da dogayen notuna, don manyan tayoyi su samu wurin shiga. Na ce wa Baba sabis zan kai ta, na je aka ɗaga ta aka sa tayoyin. Wai so nake in ba shi mamaki.

Na kuwa ba shi. Da safe ya fito da sandarsa, ya daɗe tsaye yana kallon ta. Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga ƙafar mai lafiyar, ba ta kai ba. Ya sake, sandar ta zame. Ni kuma don rashin tunani na zagayo na sungume shi kamar yaro zan ɗora shi, ga mai shagon kusa da mu da matar maƙwabcinmu suna kallo. Na ji jikinsa ya sandare a hannuna. A hankali ya ce in sauke shi, ya manta maganinsa a ɗaki. Ya shiga, bai sake fitowa ba.

Yau mako uku. Ba ya fushi, abin da ke cina ke nan. In na gaishe shi yana amsawa, har ya tambaye ni hanya. Amma ya sa an juya kujerarsa daga tagar da ke kallon titi. Motar ma ba ta shiga rumfar da ya kafa mata da hannunsa, samanta na dukan katako, a waje take kwana. Mahaifiyata ta ce rabin abincinsa yake bari. Kuma ba zan ɓoye miki ba, tunda aka ɗaga ta ban ƙara kafewa ba. In na sauke ta, aikin da gidan ke ci da shi zai wahala. In na bar ta, ni kaɗai zan ta tafiya ina yi wa kujera magana. Yaya zan yi?

Mai Ƙwai

Wa alaikumus salam Mai Ƙwai, angona da ban taɓa gani ba. Da ina shirin cewa ka zo ka kai ni yawo, to na fasa. Gwiwata ba ta fi ta babanka ba, kuma ni in ka sungume ni a gaban mai shago, sai an ɗaura.

Share hawayenka. Bokona bai yi nisa ba, amma shekara arba'in na yi ina wanke baƙin mai daga rigunan bakanike, marigayi maigidana, kuma mai wanki tana jin hira.

Bakanikenka bai cuce ka ba. Ɗaga bodi ya fi taɓa safirin da shokazoba, masu shanye gargadar hanya, sauƙi, kuma tunda ba a taɓa su ba, ƙwanka bai san an yi komai ba. Ana iya kwancewa a mayar yadda yake. Sai dai ka sani, ba robobin nan suka raba ka da laka ba. Bodi kawai suka ɗaga, cikin motar tayoyi ne suka nisanta shi da ƙasa. In ba manyan tayoyi, marigayi kan ce gajere ne kawai ya sa doguwar hula. Ga kuma nauyi ya koma sama, saboda haka ka daina shan kwana da gudu, balle da kaya. Kowane buhu yanzu sai ka ƙara cilla shi, bayanka zai ba ka labari nan gaba. Ka koma a duba notunan, da sandar sitiyari da aka ƙara wa tsayi, da bututun birki ko sun ɗame.

Amma jikana, ba tsayin mota ne ya zaunar da babanka a ɗaki ba. Makulli ya ba ka, bai sauka daga mulki ba. Kujerar gefen nan ita ce sauran aikin da ya rage masa a duniya. Ka yi wa motarsa tiyata a ɓoye da sunan sabis, sannan ka nuna wa unguwa cewa ya zama abin ɗauka. Tsoho ya gwammace ya faɗi da ƙafarsa da ɗansa ya ɗaga shi a bainar jama'a. Lokacin da idon marigayi ya yi rauni ya daina fita gareji, ni da kaina nake kwance notin fanka in kai masa wai ta lalace. Ya lalubo da yatsa ya ɗaure, ya ce duk wanda ke kwance fankar nan hannunsa ya faɗa. Ya sani, na san ya sani. Da haka muka ci shekara uku.

Kada ka je ka sauke ta a ɓoye, wannan mamaki na biyu ne, na farkon ma bai warke ba. Shiga ɗakinsa ka zauna a ƙasa, ka nemi gafara a kan abu biyu da sunansu, ƙaryar sabis da sungumar. Sannan ka shimfiɗa masa damuwar kamar yadda direba ke yi wa mai mota: ga laka, ga rumfa, ga tsayi, me ya gani? Wataƙila ya ce a nemi taya matsakaiciya a rage ɗagin. Wataƙila ya ce mai walda ya yi matakala da mariƙi, to shi zai auna tsayin da sandarsa, shi zai ƙi aikin sau biyu. In kuwa ya ce a sauke, ka sauke, ka riƙa bin doguwar hanya. Mota tana da kayan gyara, uba ba shi da su.

Ranar da zai fito, ka raɓa motar da dakali, ka buɗe ƙofa, ka koma baya kana duban tayar da ba abin da ya same ta. Kada ka waiwayo sai ka ji ƙarar bel. In kun hau titi, ka sauya giya da wuri da gangan.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya kare ku a hanya. Ranar da ya ce kana kashe masa inji, ka aiko mini da kiret ɗaya, kada ka sa fasassu.

Kakarku