Kunnuwan Jaki a Kwamfutar Shagon Hoto

Zuwa ga 'yar Kawu, Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu, da fatan ƙafarsa ta yi sauƙi. Ke kuwa rabin gaisuwa za ki samu, don kin cuce ni.

Me kika yi wa kwamfutar shagon hotonmu? Da can manhajar ajiyar nan tana lungunta, ba mai buɗe ta. Kika zo ran Asabar kika cusa ta cikin tagar da muke buɗe folda kullum. Yanzu kowane hoto da ɗigonsa kore a gefe, in an danna hannun dama na linzamin kwamfuta sai ga "na jiya", ga "na shekaranjiya", a jere kamar shaidu a kotu.

To saurara. Ran Litinin na ɗauki hoton Maigida, wanda ya sha kwat yana harare-harare, na dasa masa kunnuwan jaki don in ba mai wankin hoto dariya. Muka dara, na cire kunnuwan, na mayar da shi yadda yake. Yau na danna, sai ga jakin yana kallona! Maigida kuwa ya kamu da son abin nan naki, yini yake yana dannawa yana cewa "ikon Allah". Ran da ya iso kan hotonsa, kashina ya bushe. Shekara huɗu makullin shagon nan yana aljihuna.

Mu a makarantar allo, in an wanke allo magana ta wuce. Ke kin ɗauko mala'iku masu rubutu kin zaunar mini a kan tebur. Ki goge shi yau.

Ɗan Gwaggonki da kika zalunta,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Baba yana amsawa, ka gaida Gwaggo.

Lallai ba ka da kunya. Wane ne ya kira ni watan jiya yana shessheƙa, ya goge hotunan ɗalibai ɗari biyu? Wane ne ya ce manhajar ajiya tana da wuyar nema, in sa ta inda idonsa yake? Mako uku na yi ina wannan aiki, ko sannu ban ji ba, sai "kin cuce ni".

Ba zan goge ba, kuma ba ya goguwa. Da gangan na gina shi haka: abin da ya shiga baƙin akwatin da ke bayan kwamfuta sai ya cika kwana talatin. Ajiyar da kowane ɗan tsiya zai iya tsame abin da ya ga dama, ai ba ajiya ba ce. Ka je ka faɗa wa Maigida da bakinka. Ka huta lafiya.

'Yar Kawunka

Injiniya,

Salamu alaikum, a gaida gida.

In faɗa masa da bakina? Bakin nawa haya na ɗauko? Ke da bokonki, mu da dabararmu. Na gode da kika gaya mini inda jakin yake kwana. Na zare wayar akwatin, na naɗe shi a tsumman goge gilashi, na tura bayan kwalin firam. In kwana talatin sun cika na mayar. Yanzu a danna dama, a danna hagu, ba jiya ba shekaranjiya.

Ki riƙa tuna cewa kafin a yi kwamfuta aka yi wayo.

Gwaninki,
Auta

Auta,

Bayan sallama. Kai wane irin mutum ne? Duk amfanin sa abin a cikin tagar shi ne mai aiki ya ga halin da ajiyarsa take ciki. Ka zare waya, kowane ɗigo ya koma ja, a gaban idon Maigida! Ya kira ni ɗazu hankali a tashe, wai kwana uku ke nan shagon ya yi ƙyanda. Na ce ya duba waya. Ya ce babu waya, babu akwati.

Ban ambaci sunanka ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Kuma kwanakin ba sa tafiya in akwatin yana cikin tsumma, shashasha. Ka mayar yanzu. Allah ya shirye ka.

'Yar Kawunka

'Yar Kawu,

Assalamu alaikum.

Na mayar, amma na makara. Wata tsohuwa ta kawo yagaggen hoton marigayi mijinta, Maigida da kansa ya yi kwana biyu yana gyaran fuskar a kwamfuta. Ran Laraba mai wanki ya yi kuskure ya ajiye wani hoton a kansa, gyaran ya shafe. Maigida ya manta akwatin ba ya nan, ya ce ba komai, ya danna dama. Babu "na jiya". Tsohuwar tana zaune a benci tana jira.

Na ɗauko akwatin, na faɗi komai, har jakin na nuna masa. Ya dube shi ya ce kunnen hagu ya karkace. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli.

Bai kore ni ba. Yau da safe na riga kowa zuwa kamar kullum, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a zo a buɗe mini.

Kada ki gaya wa Kawu. Ki huta lafiya.

Auta