Gonar da Yusnidar ta Jinginar

Payakumbuh, 4 ga Maris

Yaya Rosmaini,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya gwiwar taki? Ina sanar da ke a hukumance cewa ƙaninki, mai shekara hamsin da digiri a adabi, ya dafa shinkafa jiya, kuma ta ciwu.

Alƙali ya gama da mu, ya raba aurena da Yusnidar. Ya yanka mini kuɗin idda da na ciyar da 'yarmu Nelvi duk wata, na ce na ji. Gida na uwar Yusnidar ne, don haka na tattara komatsaina na fito. Na zaci shi ke nan.

Sai ga kawunta da maganar gonar shinkafar danginsu, wadda ta jinginar lokacin da zan buɗe shagon littattafan nan da ya mutu. Kin san jinginar gona da zinariya ake ƙirga ta, zinariya kuwa kullum hawa take, ba ruwanta da halin da mutum yake ciki. Na ce masa babu takarda, alƙali bai ambata ba, kuma ita ta jinginar. Ya ce, "Malam, karatun naka har da darasin mantuwa?"

Na gaji, Yaya. Abin da nake ba ta ya ishe ta, son kuɗi ne kawai.

Ƙaninki,
Syafrudin

Payakumbuh, 19 ga Afrilu

Yaya Rosmaini,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni dai ga ni nan.

Shekaranjiya na bi ta gonar a babur, ana girbi. Na hangi Yusnidar cikin 'yan ƙwadago da lauje, tana yankan shinkafa a gonar kakarta, a biya ta kuɗin yini. Ashe kuɗin iddar gaba ɗaya ta kai wa mai jinginar, ko rabi bai kai ba. 'Yan'uwanta mata sun daina shiga gidanta saboda gonar.

Na tsaya a bakin kunya ina shirya jawabi mai kyau. Ta ɗago ta ce, "Baban Nelvi, in ba yanka ka zo yi ba, matsa, kana taka wa mutane shinkafa."

In ba a fanshi gonar nan ba, Nelvi ba ta da abin gado, tunda a al'adarmu ta wajen uwa 'ya mace ke gadon gona. Na sa babur a kasuwa, saura kuma sai a hankali, da wannan albashin nawa. Abin da na rubuta miki a kanta ba gaskiya ba ne. Ni ne ban kyauta ba.

Ki gaida mutan gida.

Ƙaninki,
Syafrudin