Umma da Ni'imat a Bakin Teku

Zuwa ga ƙanwata Nabawiyya, a Alƙahira.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki, ya ɗanki Sabri da iyalinsa? Na rubuto ne don a waya ba na jin komai sai ihunki.

Majalisar ƙaramar hukuma ta gama zamanta a kan tekun nan da ke cinye mana gari. Ni ma an sa ni a ciki, wai dattijo. Na sha shayinsu har haƙorana sun gaji. Injiniya ya ce za a yi katangar ƙasa da duwatsu ta kare gari, amma ba za ta zagaye maƙabarta ba. Na ce me ya sa? Ya ce, "Baba Abdulmaksud, matattu ba sa kai ƙara." An ba kowane gida dama ya kwashe nasa zuwa sabon fili bayan lambunan dabino, kafin guguwar hunturu. Tsohuwar kuma an hana binne kowa a cikinta.

Kin san Umma da matata Ni'imat ɗakin kabari ɗaya suke, irin namu na ƙarƙashin ƙasa da ake rufewa da dutse. Zan kwashe su. Ina son yardarki.

Yayanki, Abdulmaksud.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafa tana nan yadda ka san ta.

Ban yarda ba. Ka manta ne ko tsufa ne? Tun ranar da jirgin kamun kifin Baba ya fita bai dawo ba, Umma ba ta ƙara juya wa teku baya ba. Da bakinta ta ce a kwantar da ita inda za ta riƙa jin ruwa, tunda mijinta ba shi da kabari sai shi. Yanzu ruwan ya taso wurinta, kai kuma ka ce za ka gudu da ita cikin dabino?

Ka ɗauki matarka, ka bar mini uwata. Dama ba su taɓa shan shayi tare ba a yi faɗa ba.

Na aiko maka da maganin tari. Ka sha, kada ka ba maƙwabta.

Nabawiyya.

Nabawiyya,

Sallama. Magani ya iso, ɗaci gare shi kamar wasiƙar da ya rako.

Na bi maganarki. Na kai Sha'aban mai haƙar kabari, na ce Ni'imat kaɗai zai fito da ita. Ya ɗaga dutse, ya sauka, ya daɗe. Da ya hauro rigarsa jiƙe take har gwiwa. Ya ce, "Alhaji, ruwan gishiri ya riga majalisarku zuwa. Ya shiga ta ƙasa, ya tara su a kusurwa ɗaya. Wallahi ban san wace ce uwar ba, wace ce surukar."

Na zauna a kan dutsen, na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da na kasa yi tsawon aurena, teku ya yi a hunturu ɗaya.

To ga inda muke: ko a ɗauke su tare, ko a bar su tare. In an bar su, ni za a kai ni cikin dabino ni kaɗai. Na gaji, 'yar'uwa. Ban roƙi komai a duniyar nan ba sai in kwanta kusa da matar nan.

Yayanki.

Yaya,

Na karanta, na ajiye, na sake karantawa. Ba zan ce maka e ba, bakina ba zai iya ba. Amma ba ni zan kwanta ni kaɗai ba.

Ka tambayar mini injiniyan nan naku abu ɗaya: sabon filin, ruwa ba zai taɓa kai shi ba?

Allah ya ƙara maka lafiya.

Nabawiyya.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. An kwashe su jiya, a likkafani ɗaya. Liman ya yi addu'a, ba a ji musu ba.

Na tambayi injiniya. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya ce sa'o'in jikokin Sabri su za su yi wani zaman majalisar a kan haka.

Don haka ki kwantar da hankalinki. Ba raba ta da Baba muka yi ba. Yana nan tafe, ƙara masa tafiya kawai muka yi.

Ki huta lafiya.

Yayanki, Abdulmaksud.