Turmina Zai Hau Dandali a Paris

Daga yayarki Sabuwa a Saint-Fons, zuwa ga Fiddausi a Bobigny. Surukata Raliatou ce ke rubutawa, na ce kar ta gyara mini magana. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Alhaji Hassoumi da yara? Allah ya ƙara lafiya. Mu nan kalau muke, ban da gwiwa, ita kuwa ba ta jin addu'a.

Maganar turmina ce, wanda kika ara bikin 'yarki Maimouna shekara bakwai ke nan. Kin san ɗana Isufu da abokansa 'ya'yan ma'aikatan izin, wato masana'anta, da kiɗansu na rok mai kama da ana yanka ƙarfe. Faifansu na farko ko kare bai saya ba. Lokacin na biyu, a ɗakin ƙasa na gidanmu suke gwaji, ni ina sama ina dakan yaji. Da suka ishe ni sai na riƙa sakin taɓarya da ƙarfi don in ɓata musu. Ashe mai gangarsu bina yake. Isufu ya hawo da na'ura ya ce in ci gaba, na ce ai dama ban gama ba. Da dakan nan faifan ya fara.

Shi ne ya fitar da su. Ya kai su Paris, ya raba Isufu da izin ɗin da ya cinye huhun ubansa. Sun yi faifai huɗu bayansa, na ji su duka, hayaniya ce kawai. Na gaya wa Isufu, ya ce masu jarida ma haka suka ce, amma da ladabi.

To, faifan ya cika shekara talatin, za su kaɗa shi daga farko har ƙarshe a Paris ran Asabar ta ƙarshen wata, kuma ni zan buɗe. Ni, da haƙorana shida! Na yi dariya har na sha ruwa. Malam marigayi, mijina, ya taɓa cewa yaron ya zubar mana da mutunci. Yanzu ga masu furfura suna sayen tikiti don su ji matarsa tana daka.

Sun sayo sabon turmi a kasuwar Château Rouge ta Paris, na gwada, muryarsa kamar bokiti. Nawa yana da tsaga a gindi, ita ke ba da wannan amon. Isufu ya ce in babu shi sai dai su saka tsohon sautin, ni in zauna cikin 'yan kallo. Ban yarda ba. Mai daka shi ke shan gari.

Na ji kin dasa fure a ciki. Juye shi. Kar ki wanke da sabulu, kar Alhaji ya liƙe tsagar, na san hannunsa da gyare-gyare. Zan sauka wurinki Alhamis da taɓaryata da barkono, don ba zan daka iska gaban mutane ba. An ajiye muku kujera biyu. Ki zo da auduga ta kunne.

Ki gaida Maimouna da mijinta Kamal. Abin da ke tsakaninmu: ke turmi, ni tukunyarki ta dambu, zan kawo ta. Yajin da zan daka kuwa nawa ne.

Yayarki,
Sabuwa